Shirin Musamman: Littafin Hausa Ya Koma Cikin Waya

Shirin namu na yau na marubuta ne, musamman waɗanda ba su taɓa taka ƙofar maɗaba'a ba, amma ana karanta su a Kano da Maraɗi da Kumasi, har da Jidda.

Tarihin kun san shi, ba zan tsaya a kai ba. A 1933 aka yi gasar rubutun Hausa a Zariya da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Daga shekarun 1980 kuma mata da matasa suka fara buga littattafai da kuɗin aljihunsu, irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, har manazarta suka raɗa wa abin suna adabin kasuwar Kano. A lokacin marubuci zai buga, ya kai wa dillali a kasuwa, ya koma gida yana jiran ciniki. Mai karatun da ba shi da kuɗin saye sai ya nufi shagon mai haya. Daga baya takarda ta yi tsada, kasuwa ta ja baya, sai ga waya ta iso hannun kowa.

To, a nan nake so mu ɗan zauna, don yadda ake cinikin yanzu ya ba ni sha'awa ƙwarai.

Marubuciya ce, galibinsu mata ne. Bayan sallar isha, yara sun yi barci, sai ta ɗauki waya ta shiga rubutu da manyan yatsunta biyu. Ba kwamfuta, ba edita. Idan shafi ya kammala ta saka shi a zauren WhatsApp, ta saka a Facebook, wata ta haɗa da Wattpad. Shafukan farko kyauta ne, kowa ya karanta, kowa ya tura wa ƙawarsa. Wannan turawar ita ce tallar, ba ta biyan kowa ko sisi. Sai labari ya ɗauki zafi, an ɗaura aure amarya ba ta san wa aka ba ta ba, daidai nan za ka ga sanarwa cewa shafukan kyauta sun ƙare. A ƙasa ga lambar asusun banki. Naira ɗari uku, ko ɗari biyar, wani littafin har dubu. Wadda ba ta da asusu ta sayi katin waya ta ɗauki hotonsa ta tura. Da ta nuna shaidar biya, sai a saka ta a zauren waɗanda suka biya.

Ku lura, masu sauraro, babu dillali a tsakani. Kuɗin daga hannun mai karatu yake fitowa ya faɗa hannun mai rubutu. Kuma ba kuɗi kaɗai ba, har da magana. Kafin gari ya waye sharhi ya cika zaure: wannan tana roƙon kada a kashe jarumar, waccan tana tsine wa kishiya kamar a gidansu take. Marubutan da suka yi zamanin takarda sai su jira wasiƙa makonni kafin su ji ra'ayin mutum ɗaya.

Sai dai kusancin nan yana da nauyinsa. Mai karatun da ta biya tana son sabon shafi kullum, ko marubuciya na da lafiya ko ba ta da ita. Gaggawa kuwa tana cin ƙa'idar rubutu: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Wani labarin ma a ja shi ya yi ta tsawo don kawai zaure bai gaji ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sata. Mutum ɗaya zai biya ɗari biyar, ya kwashe shafukan ya watsa a zaure goma. Wani ya karanta littafin da murya ya ɗora a YouTube, yana samun kuɗi, mai littafin ba ta ma sani ba. Shi ya sa za ka buɗe shafi, tun kafin ka ga sunan jarumi ka ci karo da Allah ya isa ga duk wanda ya fitar. Wadda ta hana idonta barci ta rubuta, ba ta da lauya, ba ta da kamfani, abin da ya rage mata ke nan. Don Allah, idan littafin kuɗi ya zo maka ta bayan fage, ka nemi mai shi ka biya ta haƙƙinta.

Lokaci yana neman ƙure mana, ga sauran magana. A watan Nuwamban 2023 manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe. Saboda haka marubuta, ku ajiye kwafin aikinku a wani wuri daban, kada ku dogara da waya ɗaya ko manhaja ɗaya. Akwai kuma gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda tun 2016 take fito da mata marubuta, da yawansu a waɗannan zauruka suka koyi hannu. Batun rubutun batsa da iyaye ke kuka da shi kuwa, shiri guda yake buƙata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.