Gigin tsufa: tsohuwa na manta sunan jikanta, amma zuciyarta na riƙe da yadda ya yi mata magana

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi ta jahar Maradi, tsofaffi ne ma'ajiyar zumunci. Su suka san wace ce aka auro daga Tasawa, da inda iyakar gonar kakanni ta tsaya, da gidan da ake bin bashin gaisuwar mutuwa. Ranar da tsohuwa ta fara tambayar jikanta ko shi ɗan wane ne, sai a ce gigin tsufa ya kama ta. Daga nan wasu kan daina zama wajenta, wai ko an je ba za ta tuna ba. Binciken likitocin ƙwaƙwalwa ya nuna cewa wannan lissafi bai fita ba.

Can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kowane kunne, akwai wani lanƙwasasshen sashe mai tsawon ƙaramin yatsa da ake kira hifokamfus. Shi ke ɗaure sabon abu ya zama tunani: wa ya zo, yaushe, me ya faɗa. A bakinsa akwai wani ƙullutu da bai wuce ƙwallon dabino ba, amigdala, mai lura da tsoro da duk abin da ya taɓa rai. (Masu jin Faransanci kada su ɗauka amygdale ɗin maƙogwaro ne da ke kumbura wa yara, suna ne kawai ya zo ɗaya.) Cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa gigin tsufa, a hifokamfus da kewayensa take fara ɓarna.

An gane aikin wannan sashe ne ta hanyar wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan hifokamfus ta ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta lafa, amma har ya mutu a 2008 sabon abu ba ya zama a kansa. Masu binciken da suka shekara da shekaru tare da shi kullum sai sun sake gaya masa ko su waye.

To amma mantuwa ba ta share komai. A 1911 wani likita a Janeba ta ƙasar Suwis, Édouard Claparède, ya ba da labarin wata majinyaciya mai irin wannan mantuwa. Ya ɓoye allura a tafinsa, ya miƙa mata hannu, ta soke ta. Bayan ɗan lokaci ta manta abin da ya faru, ta manta shi kansa, amma da ya sake miƙo hannu sai ta ƙi karɓa.

Masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun gwada abin a tsanake. A 2010 sun nuna wa mutane 5 masu lalataccen hifokamfus guntayen fina-finai na ban tausayi da na ban dariya. Cikin ƴan mintoci abin da suka kalla ya ɓace musu, baƙin cikin ko farin cikin kuwa ya ci gaba. A 2014 aka maimaita da masu cutar Alzheimer 17, aka samu haka, har zuwa rabin awa bayan kallon. Ke nan tsohuwar da aka daka wa tsawa kan ta sake tambayar da ta yi ɗazu za ta zauna da ɓacin rai ba tare da ta san mafarinsa ba, kuma babu yadda za ta lallashi kanta tunda dalilin ya gushe. Wadda jika ya zauna ya dama mata fura kuwa, sanyin ran yana nan ko sunansa ya tafi.

Gane mutane ma yana da gurbinsa. A 2014 masana a Jami'ar Columbia sun toshe aikin wani ɗan yanki na hifokamfus mai suna CA2 a jikin ɓeraye. Ɓerayen ba su daina son cuɗanya ba, sai dai ɗan'uwan da suka saba da shi ya zame musu baƙo. Ɓera ba mutum ba ne, amma duk mai jinyar tsoho ya san wannan hali: yana murna da baƙi, bai san ƴaƴansa ne ba.

Ba tsofaffi kaɗai abin ya shafa ba. Sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da jijjiga mai tsawo suna iya yi wa ƙwaƙwalwar yaro lahani, ya warke amma ya dawo da mantuwa ko saurin fushi, a ɗauka taurin kai ne. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa ƴan ƙasa da shekaru 5 a watannin damina yana rage wannan haɗari.

Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni ko shekaru. Tsohon da ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman in akwai zazzaɓi ko shanyewar wani ɓangare na jiki, wata cuta ce daban ke damunsa, kuma sau da yawa tana jin magani in an kai shi CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Mayahi a ranar.