Wane ne Waliyyi Agustin da Fafaroma ke yawan ambato?

Tun da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 a watan Mayun 2025, sunan Agustin bai bar labarai ba, domin sabon Fafaroman ɗan ƙungiyar masu zuhudu ce da ke bin tafarkinsa.

Agustin ɗan Afirka ne. An haife shi a shekarar 354 a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau, ya zama bishop na birnin Hippo, ya rasu a 430. Sai da ya kai shekara 32 ya rungumi Kiristanci, bayan mahaifiyarsa Monika ta daɗe tana yi masa addu'a da hawaye.

Abin da ya ɗaukaka shi wurin malaman coci alƙalaminsa ne. Ya yi rubutu kan zunubi da alherin Allah, ya kuma tsara ƙa'idar zaman masu zuhudu: dukiya ɗaya, addu'a tare. Martin Luther ma cikin ƙungiyar da ke bin wannan ƙa'ida ya fara, shi ya sa Katolika da Furotesta kowa ke jin Agustin nasa ne.

A nan Arewa, limaman ƙungiyar daga Ailan sun yi aiki a Adamawa, kuma babbar makarantar horar da limaman Katolika ta Jos sunansa take ɗauke da shi. Kiristan da ke sauraron wa'azin Lahadi kan alheri yana jin koyarwarsa, ko da ba a kira sunansa ba.