Zaɓen Samfefa da Kayan Gugar Manyan Falankai: Nazari daga Ƙasar Kebbe

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan yadda ake zaɓen samfefa da sauran kayan guga idan za a gyara fuskar babban falanki, watau irin katakon nan mai faɗi da kauri da ake tsagowa daga gungume guda domin a yi tebur ko kyaure ko benci. An ɗauki ƙasar Kebbe misali ne domin tana can kudancin Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Tambuwal, inda ta yi iyaka da jihohin Kabi da Zamfara. Wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, don haka itatuwa irin su maɗaci da ƙirya da marke da maje sun fi samuwa a wajen. Sai dai manyan ba su da yawa kamar dā. A shekarar 2022, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Fanama, an sanya maɗaci da kawo na Afirka cikin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ashe ke nan falankin da kafinta ya ɓata da mummunar guga ba abu ne da za a koma daji gobe a saro wani ba.

Abin da masassaƙa suka riga suka sani

Kafin samfefa ta shigo kasuwanninmu, masassaƙi yana da nasa tsari. Da gatari yake fitar da siffa, sa'an nan ya bi da gizago yana rage tudu, sa'an nan ya kankare sawun gizagon da wuƙa, ko kuma da fasasshiyar kwalba bayan da kwalabe suka yawaita. A wuraren da ake samun wani irin ɓaure mai ganye mai kaushi, wanda masana tsirrai ke kira Ficus exasperata, da ganyensa ake ƙarasa aikin. Abin lura a nan shi ne kowane makami aikinsa share sawun wanda ya gabace shi ne, ba wani abu ba. Ba a taɓa ganin masassaƙi mai hankali ya ajiye gatari ya ɗauki ganye ba. Wannan ƙa'ida ita ce dai ƙa'idar samfefa, ko da yake da yawa daga cikin matasan kafintoci sun ɗauka takardar tana iya yin aikin gizago.

Ba ta iyawa. Samfefa tana sulɓaɓa katako, amma ba ta miƙe shi. Idan falanki ya karkace ko yana da kwari a tsakiya, guga za ta bi kwarin ne ta ƙara masa zurfi. Saboda haka wajibi ne a fara ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a kansa, a tsaye da a gicciye, a yi wa tuddai alama da fensir, a share su da ƙarfen share katako. Kafin wannan ma sai an tabbata ya bushe. Ƙa'idar da masu aikin katako suka saba bi ita ce a ba kowane inci ɗaya na kauri shekara guda a inuwa. Zafin ƙasarmu yana rage wannan lokaci, amma yana da nasa sharri: falankin da aka goge da damina yakan tsage ko ya lanƙwashe idan hunturu ya busa shi.

Lambobin samfefa

Samfefa takarda ce ko ƙyalle da aka manna wa ƙwayoyi masu kaifi. Tun a 1833 John Oakey ya fara yin ta a Landan da garin kwalba. Irin wannan ta kwalba tana saurin dakushewa, ba ta da amfani ga itace mai tauri kamar ƙirya. Wadda ta fi dacewa da babban falanki ita ce mai ƙwayar aluminiyam oksaid, mai launin ƙasa-ƙasa ko ja, domin tana jure aiki. Baƙar nan kuwa da masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa, ta silikon kabaid ce, sinadarin da Edward Acheson ya haɗa a Amurka a 1891. Tana da kaifi amma tana saurin farfashewa, wurinta shi ne tsakanin shafe-shafen fenti ko banish, ba a kan tsuran katako ba.

A bayan kowace takarda akwai lamba, sau da yawa da harafin P a gabanta, wanda ke nuna ma'aunin Turai. Gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya. Ƙwayar P40 ta kai kusan milimita 0.4, ta P80 kamar 0.2, ta P120 kuwa 0.125, ta P220 ba ta wuce 0.07 ba. Kowace ƙwaya kuwa tana barin karce daidai da girmanta. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa. Mutum zai goge da P40, ya ga aiki ya yi sauri, sai ya tsallaka zuwa P220 don ya rage kuɗin takarda. Ƙwayar P220 ba za ta kai gindin ramin da P40 ta haƙa ba, sai dai ta sheƙe bakinsa. Ido ba zai gani ba a lokacin, hannu ma zai ji sumul. Ranar da aka shafa mai ko banish, ranar ce karcen zai fito fili layi-layi. Na taɓa ganin falankin maɗaci mai tsawon mita biyu da aka yi wa haka a wani shago. Sai da aka kankare banish ɗin duka aka sake aikin daga farko, kwana uku suka tafi a banza.

Hanyar da ta dace ita ce a hau lambobin kamar tsani. Idan sawun zarto yana da zurfi a fara da 40 ko 60, idan an riga an share fuskar a fara da 80, sa'an nan 120, sa'an nan 180. Kada a wuce gaba sai an tabbata karcen lambar baya ya ɓace. Dabara mai sauƙi ita ce a zana fensir a ko'ina bisa fuskar, a yi ta guga har zanen ya tafi, a share ƙurar sarai, domin ƙwaya ɗaya ta tsohuwar takarda da ta maƙale tana iya ɓata aikin sabuwa. Mafi yawan lokacin aiki a lambar farko yake tafiya. A ganina wuce 220 ɓata lokaci ne ga katakon da za a shafa wa banish, har ma yakan hana shafin kamawa sosai.

Irin itace ma yana da magana. Maje yana da ƙaro, wanda ke toshe takarda nan da nan, don haka a nemi mai ƙwayoyi warwatse masu fili a tsakaninsu. Maɗaci kuwa jijiyarsa saƙaƙƙiya ce, wani layi ya nufi gabas wani yamma, shi ya sa ƙarfen shara yakan fizge masa tsoka, kuma a nan kankara da guga suka fi amfani.

Hannu ko inji

Injin guga mai bel yana cin katako da sauri, ya dace da lambobin farko, amma idan aka tsaya da shi wuri guda na ɗan lokaci zai haƙa rami. Injin mai faifai da ke juyawa yana kuma karkarwa ya fi sauƙin bi da hannu, shi ya kamata a yi amfani da shi daga 80 zuwa sama, a tafi da shi sannu a hankali ba tare da an danna ba. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne injin yankan ƙarfe na masu walda da wasu ke ɗaura wa samfefa. Gudunsa ya yi yawa, yana ƙona katako, yana barin sawu kamar na faratan kura.

A ƙauyukan da wuta ba ta isa ba, inda kuɗin man janareta ke cinye riba, hannu ya wadatar muddin an naɗe takardar a jikin doguwar itaciya mai miƙaƙƙiyar fuska. Tafin hannu kawai yana bin kwari. Kowane hali dai, gugar ƙarshe da hannu ake yi, a bi tsawon jijiyar itacen, kada a gitta ta.

Akwai wani darasi da za a koya daga allon makaranta, wanda aka fi sassaƙawa da itacen aduwa. Sabon allo idan aka wanke shi ya bushe yakan yi ɗan kaushi, domin ruwa yana tayar da ƙananan zaruruwan da guga ta kwantar. Haka falanki yake. Bayan lamba 180 a shafa masa jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe, a sake bi da takardar a hankali. Kuma a goge ƙasan falankin a shafe shi kamar yadda aka yi wa samansa, in ba haka ba fuska ɗaya za ta sha danshi fiye da ɗaya, ya bankare.

Saura batun ƙura, wanda ba a cika kula da shi ba. Tun a 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci, kuma ta itatuwa masu tauri ta fi haɗari. Yaran shago ne ake bar wa guga, su ne ke shaƙar ta daga safe har yamma. Naɗa rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙwayoyin da suka fi ƙanƙanta. Abin da ake bukata shi ne takunkumin tace ƙura na ainihi, a kuma yi aikin a waje, mai guga ya juya wa iska baya.