Bidiyon Biki da Dangi na Nesa: Yadda Saƙo Mai Nauyi Ke Fita Daga Suleja

Da wuya ƙarshen mako ya wuce a Suleja ba a ga rumfar biki ta tare wani layi ba, ko a Kwamba, ko a Madalla, ko a cikin gari. Inda duk aka kafa rumfa kuwa, akwai mai kyamara yana kutsawa cikin jama'a, ga 'yan mata sun ɗaga wayoyi sama suna ɗauka. Taro na watsewa sai wata hidimar ta taso. Gwaggo tana Zariya, yaya yana Kumasi, ƙanwa tana aure a Jidda, kowa maganarsa ɗaya: "A turo mana mu gani." A nan ne ake gane ɗauka ta fi turawa sauƙi.

Zama nesa da dangi tsohon abu ne a wannan gari. Zuriyar sarakunan Zazzau ne suka kafa shi, Abu Ja ya gina shi a 1828, aka kira shi Abuja. Da aka zaɓi yankin ya zama babban birnin tarayya a 1976, sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga nan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka yi ta kwararowa, da yawansu suna kwana a Suleja suna wuni a Abuja. Saboda haka gidaje da dama rabin danginsu na wata jiha ko wata ƙasa. A da, kaset na murya ake cikawa da gaisuwa a ba matafiyi ko maniyyaci. Daga baya kaset na bidiyo ya zo, sai faifan CD, ana ba direba a tasha. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, intanet kuma ya biyo ta cikin aljihu, sai aka ɗauka an huta da neman ɗan aike. Ashe da sauran aiki.

Matsala ta farko nauyi ce. Bidiyo jerin hotuna ne, galibi 30 a kowace daƙiƙa, kuma gwargwadon kyan hoton gwargwadon nauyinsa. Awa guda a matakin da ake kira 1080p kan ci gigabait 4 zuwa 8, ya danganta da na'urar da aka yi ɗaukar da ita. A matakin 4K kuwa, awa guda na iya haura gigabait 20. Bikin Bahaushe kuma ba na awa guda ba ne: ga kamu, ga sa lalle, ga ɗaurin aure, ga wuni, ga kai amarya.

Ta biyu hanya ce. Kamfanonin waya sun tsara sabis ɗinsu ne saukewa ta fi ɗorawa sauri, domin yawancin mutane kallo suke yi. Shi ya sa mutum zai kalli fim a wayarsa ba ko tsayawa, amma ya zo ɗora nasa bidiyon abin ya koma kamar ana ɗura ruwan randa ta bakin buta. A ɗauka saurin ɗorawa megabit 5 ne a daƙiƙa. Bidiyo mai gigabait 4 zai ci kusan awa ɗaya da minti 47, wannan ma idan sabis bai yanke ba, caji bai ƙare ba, wayar kuma ba ta yi zafi ba.

Galibin mutane WhatsApp suke nufa, kuma nan ake tafka asara ba a sani ba. Idan aka zaɓo bidiyo daga cikin hotunan waya aka tura, manhajar kan matse shi don ya yi sauƙi. Wanda aka tura wa ya tura wa wani, har ya isa wurin gwaggo fuskar amarya ta yi dishi-dishi, aikin da ke wuyan babbar rigar ango ya caɓe. Mai son bidiyo ya isa garau, sai ya tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu. Tun 2022 WhatsApp ya yarda a tura fayil har na gigabait 2 ta wannan hanya, Telegram ma haka yake ba wanda ba ya biyan kuɗi. Gmail kuwa megabait 25 kacal yake ɗauka, ko minti ɗaya na bidiyo mai kyau ba zai shige ba. Google Drive na ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, a ɗora sau ɗaya a raba wa dangi adireshin. YouTube ma na da tsarin ɓoye bidiyo yadda sai wanda aka ba adireshi zai gani, kuma yana rage nauyin hoton daidai da ƙarfin sabis ɗin mai kallo. Sai dai idan akwai waƙar wani mawaƙi a cikin bidiyon, ana iya toshe shi saboda haƙƙin mallaka.

Akwai wanda ake mantawa da shi a wannan lissafi, shi ne mai karɓa. Idan fayil aka tura, duk gigabait ɗin da mai turawa ya ƙona, wanda ke can ƙarshen ma sai ya ƙona irinsa kafin ya gani. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Dattijuwar da jikanta ke saya mata datar mako-mako, wayarta kuma kullum tana kukan ta cika, idan aka aika mata gigabait 3 ɗawainiya aka ɗora mata.

Maganin abin shi ne a raba na ajiya da na aike. Tun kafin biki a gaya wa mai kyamara ana son iri biyu: cikakke mai nauyi wanda zai zauna a gida, da mara nauyi a matakin 720p wanda awa gudansa ba sai ta kai gigabait ɗaya ba, kuma a fuskar waya ba kowa zai ga bambanci ba. Akwai manhajoji na kyauta irin su HandBrake da ke wannan aiki a kwamfuta. A kuma yanka shi gida-gida, ɗaurin aure daban, wuni daban, kowa ya sauke wanda ya dame shi. Ɗorawa ta fi tafiya da tsakar dare, lokacin da cunkoso ya ragu, kamfanoni kuma suna da datar dare mai rahusa.

Kada kuma a raina tsohuwar hanya. Ga ɗan uwan da ke Minna ko Kaduna ko Kano, filash ko memori a cikin ambulan a hannun direban da aka sani kan riga intanet isa, ba tare da an taɓa data ba. Idan ya isa, sauran 'yan gida su karɓa waya zuwa waya ta manhajar Xender. Abu ɗaya za a kula: filash ɗin da ke kan tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4 ko da akwai fili, sai an mayar da shi exFAT. Wanda ya ga yadda intanet ya durƙushe a Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, ko yadda aka rufe sabis a Zamfara a 2021, ya san amfanin abin da ke hannu.

Sai batun amana, wanda ya fi duk waɗannan girma. Bidiyon kamu da na wuni na cikin gida ne. Akwai matan aure da suka saki jiki suka taka rawa domin sun san tsakaninsu ne. Adireshin da aka buɗe wa kowa, da zarar ya faɗa zauren WhatsApp mai mutum ɗari, ya fita daga hannun mai shi, gobe sai a ga guntunsa a TikTok da waƙa a kai. Google Drive na ba da damar a taƙaita kallo ga mutanen da aka zaɓa da imel ɗinsu. A yi amfani da wannan. A kuma yi magana a fili da mai kyamara cewa ba a yarda ya tallata sana'arsa da fuskokin iyalin gida ba.

Ajiya ma tana son kulawa. Waya na faɗuwa, ana sace ta, memori na lalacewa, Google kuma tun ƙarshen 2023 ya fara aiki da ƙa'idar goge asusun da ya shekara 2 ba a buɗe shi ba. Don haka cikakken bidiyon ya zauna a wuri biyu aƙalla, ɗaya a hannu, ɗaya a wani gidan ko a intanet.

Mai shirin biki a Suleja, yadda kake lissafin rumfa da kujeru da abinci, sa wannan ma a lissafi tun da wuri. Ka ajiye mai nauyi, ka aika mara nauyi, ka tambayi mai karɓa ko yana da data, kuma kada ka tura fuskar kowa inda bai yarda ta je ba.