Jaririn da ya ƙi nono bayan kwana biyu

Hanta ce ke mayar da amoniya, dattin da furotin ke bari a jini, ta zama yuriya mai fita ta fitsari. Wasu jarirai kan gaji nakasa a wannan aikin. A haife su lafiya lau, bayan kwana 1 zuwa 3 sai ƙin nono, amai, yawan barci da jijjiga, domin amoniya ta kai ƙwaƙwalwa.

A ƙauyukan Hausawan jihar Sennar ta ƙasar Sudan, daga Abu Na'ama zuwa Mai Wurno, auren zumunci ba baƙo ba ne, kuma yana ƙara yiwuwar uwa da uba su gaji matsala iri ɗaya. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da matsalar, haɗarin kowane ciki 1 ne cikin 4. Jiƙo ba ya magani. A garzaya asibiti, a nemi likita ya auna amoniya.