Layin Dogo da Ƙungiyoyin da Suka Tsiro a Gefensa

Manufar Turawan mulkin mallaka ta shimfiɗa layin dogo a Nijeriya ita ce kwasar amfanin gona da ma'adinai zuwa bakin teku, kuma layin da suka faro daga Baro a gaɓar kogin Kwara a 1907 ya iso Kano a 1911, kafin a haɗe shi da na Legas a 1912. Auduga suka sa wa rai saboda masaƙun Ingila, amma manoman ƙasar Kano da attajiranta irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka riga suka goge a fatauci, sai suka karkata ga gyaɗa domin ta fi riba. Dalar gyaɗa, wato buhunan da a wancan zamani 'yan dako kan jera tsibi guda mai faɗin gindi da tsinin kai kafin a sami tarago, ta zama abin alfahari, ko da yake tana kuma tona asirin jirgin da ya kasa kwashe kaya a kan kari.

Abin da Turawa ba su lissafa da shi ba shi ne mutanen da jirgin ya tara. Akawuna da makanikai da masu zuba wa inji kwal sun zo daga kudu sun zauna a Sabon Garin Kano da na Zariya da kuma Kafanchan, inda baƙunci ya sa suka kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, masu yin adashi da ɗaukar nauyin jana'iza da gina wa 'ya'yansu makaranta. Amma ƙungiya mafi tasiri ita ce ta ma'aikatan reluwe, wadda ta yi rajista a 1940 a ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 1938, Michael Imoudu kuma ya jagorance ta. Ƙarfinta ya samo asali ne daga yanayin aikin kansa, domin ma'aikacin Legas da na Nguru ubangida ɗaya gare su, kukansu ɗaya, labari kuma yana bin layi daga tasha zuwa tasha. A watan Yuni na 1945, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa albashi ya daina kai wata, ma'aikatan reluwe suka shige gaba a yajin aikin gama-gari na neman alawus ɗin tsadar rayuwa, wanda ya haura kwana arba'in, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike ta kuma yi ƙarin. 'Yan gwagwarmayar neman 'yanci sun ga yadda tsayuwar jirgi ke tsayar da ƙasa, suka jawo ƙwadago jikinsu.

Bayan layi ya kai Maiduguri a 1964, manyan motoci da rashin gyara suka durƙusar da reluwe, tasoshi da yawa suka zama kufai. Sai a 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, a 2021 kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, garuruwan da fatake suka daɗe suna bi da jakuna.