LITTAFIN GAYYA: INA MATA SU KE?

A makon nan ina so mu tattauna a kan wani babban littafi wanda kusan ko wace mai karatu ta taɓa leƙawa, amma kaɗan ne suka san yadda a ke rubuta shi.

Ke 'yar makaranta, in malama ta ba ki aikin gida, kika ɗauki waya kika nemi labarin wata ƙasa ko wata cuta a intanet, galibi Wikipedia ce za ta fara fito miki. Ke ma uwargida, in yaro ya yi miki tambayar da ta fi ƙarfinki, can a ke komawa. To, wa ya rubuta abin da ku ke karantawa? Wa ya duba ya ce daidai ne? In mutum biyu suka saɓa, wa ke raba gardama?

Amsar ita ce, aikin gayya ne. Kun san yadda a ke yi a ƙauye, ko wa ya zo da fartanyarsa a taru a nome gona guda, ba a biyan kowa lada. Haka wannan littafi ya ke. Dubban mutane ne a ƙasashe dabam dabam, malamai da ɗalibai da likitoci da tsofaffin ma'aikata, ko wa na zaune a gidansa yana ƙara abin da ya sani, kyauta.

YADDA AKA FARA

Wani Ba'amurke mai suna Jimmy Wales ya fara gwada wani kundin ilmi a shekarar 2000, ana ce da shi Nupedia. A can masana kaɗai ke rubutu, kuma sai rubutun ya bi matakai 7 na dubawa kafin a fitar. Aikin ya yi ta jan ƙafa, har aka rufe shi a 2003 bai kammala maƙala 30 ba. Ana cikin haka, ran 15 ga Janairu 2001, Wales da abokin aikinsa Larry Sanger suka buɗe Wikipedia, suka ce ko wa ya shigo ya rubuta, ko wa ya shigo ya gyara. Kafin shekara ta zagayo an sami maƙala wajen 20,000. Yau ana rubuta ta cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa, ta Turanci kuwa ta kai maƙala miliyan 7 a 2025.

Akwai wata ƙungiya a Amurka, Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003. Ita ke karɓar gudummawar kuɗi daga jama'a, tana kula da na'urori. Amma rubutun da dokokin rubutun, masu gayyar ne su ke tsara wa kansu.

GIDAN YAWA SAI DA DOKA

Wadda ta zauna gidan yawa ta san tukunyar da hannu goma ke juyawa, in babu tsari, ba ta nuna lafiya. Sabo da haka suka kafa manyan dokoki uku. Ta fari, kada ki ɗauki ɓangare. In ana saɓani a kan wani al'amari, ki faɗi abin da ko wane ɓangare ya ce gwargwadon ƙarfin hujjarsa. Ta biyu, duk abin da kika rubuta ki nuna inda kika samo, littafi ne ko jarida ko mujalla amintacciya, don mai shakka ya je ya gani da idonsa. Ta uku, kada ki kawo sabon binciken kanki ko ra'ayinki.

Sa'an nan ba abin da ke ɓacewa. Ko wane shafi yana da tarihinsa, inda a ke ganin wanda ya sa kalma da wanda ya cire, da rana da sa'a. In wani ɗan ɓarna ya shigo ya lalata, sai a mayar da shafin yadda ya ke a dā cikin ƙiftawar ido. Bayan ko wace maƙala kuma akwai shafin tattaunawa, watau kamar zaure, inda masu rubutu su ke zama su yi shawara.

In gardama ta yi zafi fa? A Wikipedia ta Turanci an hana mutum ya warware gyaran wasu fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24. Wanda ya ƙetare, a kan rufe masa ƙofa na ɗan lokaci har ya huce. Masu rufe ƙofar su ne masu gudanarwa, kuma su ma 'yan gayya ne, jama'a ce ke ba su amana bayan an tona ayyukansu a fili an yi musu tambayoyi. Alamar muƙaminsu ma abin goge ƙasa ce, don su tuna shara aka ba su, ba rawani ba. In rigima ta gagari kowa, sai a kai ta gaban kwamitin sulhu, wanda aka kafa a ƙarshen 2003, kuma jama'a ke zaɓen wakilansa ko wace shekara. Shi ba ya cewa ga maganar da ke gaskiya. Halin masu rigimar ya ke dubawa, wa ya yi zagi, wa ya ƙi jin shawara.

Wasu dokokin kuwa sai da aka sha wuya aka koya. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a kan wani dattijon ɗan jarida na Amurka, John Seigenthaler, wai an taɓa zarginsa da hannu a kisan Shugaba Kennedy da ƙanensa Robert. Alhali kuwa mutumin nan ya yi aiki tare da Robert, yana ma cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ƙaryar ta zauna wata 4 ba wanda ya lura. Da abin ya fasu, aka hana wanda bai yi rajista ba ya buɗe sabuwar maƙala a ta Turanci, aka kuma tsananta doka a kan rubuta labarin mutumin da ke raye. Wannan ya ishe ki darasi, 'yar makaranta: kafin ki kwafa, sauka ƙasan shafi ki duba inda aka samo maganar.

WANDA BA YA ZAURE

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Shawara ta waɗanda suka zo zaure ce. Da aka yi binciken masu rubutu a 2011, aka tarar mata ba su kai 1 cikin 10 ba. To, in maza tara da mace ɗaya suka zauna za su yanke abin da ya cancanci shiga littafi, kun san inda rinjaye zai karkata, ko da ba wanda ya yi mugun nufi.

Ga misali. Ran 29 ga Afrilu 2011 aka ɗaura auren Yarima William na Ingila da Kate Middleton. Wani ya buɗe maƙala a kan rigar amarya, nan da nan wasu suka tashi suka ce a goge, wai zancen riga ba ilmi ba ne. Jimmy Wales da kansa ya sa baki, ya nuna cewa akwai maƙaloli sama da 100 a kan ire-iren wata manhajar kwamfuta mai suna Linux, ba wanda ya ce sun yi yawa. Aka bar maƙalar. Mu da muka san aikin da ke cikin ɗinki da saƙa da rini, ai ba sai an gaya mana ko tufa ilmi ce ba.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Donna Strickland malamar kimiyya ce a Kanada. A 2018 wani ya rubuta labarinta ya miƙa, mai dubawa ya mayar, ya ce hujjojin da aka kawo ba su nuna ta shahara ba. Bayan 'yan watanni, cikin Oktoba, aka ba ta kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks, ita ce mace ta 3 da ta taɓa samu, bayan Marie Curie a 1903 da Maria Goeppert Mayer a 1963. A ranar aka yi ta gaggawar buɗe mata shafi. Ku lura, mai dubawar doka ya bi. Matsalar ita ce jaridu ba su cika rubuta labarin mata ba, doka kuwa tana neman abin da aka riga aka buga.

Mata ba su zauna suna kuka ba. A Wikipedia, sunan da ba shi da maƙala ja ya ke fitowa, wanda ke da ita kuwa shuɗi. A 2015 Rosie Stephenson-Goodknight da Roger Bamkin suka kafa wata gayya, Women in Red, don mayar da jajayen sunayen mata shuɗɗa. Lokacin, cikin tarihin mutane da ke Wikipedia ta Turanci, na mata kashi 15 ne da ɗoriya cikin 100. A ƙarshen 2024 ya kai kashi 20. Shekara 9 don kashi 5, amma ai da sannu a kan cika tulu. Wata ɗaliba kuma, Emily Temple-Wood, ta ɗauki alkawari, duk sa'ad da wani mara kunya ya aiko mata da saƙon cin mutunci, sai ta rama da rubuta tarihin wata mace masaniyar kimiyya.

HARSHENMU FA?

Akwai abin da ya sami mutanen Sikotlan wanda ya kamata mu ji. Suna da wani harshe nasu, Scots, mai kama da Turanci, masu rubuta Wikipedia ɗinsa kuwa ba su da yawa. A Agusta 2020 aka gano cewa wani yaro Ba'amurke wanda bai iya harshen ba shi ya rubuta maƙala fiye da 20,000, yana ɗaukar Turanci yana sauya kalmomi da ƙamus. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma shekaru ana karanta gurɓataccen harshe, don masu harshen ba su zo gayya ba. Gonar da mai ita bai leƙa ba, ko me ya tsiro sai haƙuri.

Hausa ma tana da nata shafin, kuma 'ya'yanmu za su karanta abin da suka tarar a ciki. In jimla ta karkace, wa ya fi uwa jin karkacewarta? Labarin Nana Asma'u da 'yan taru, da yadda a ke daddawa da fura, da sunayen kitso da kayan ɗakin amarya, wa ya fi mu sanin inda aka yi kuskure?

Amma fa ku sani, "na ji a bakin kakata" ba ta karɓuwa a can, ko da kuwa kakar ta fi littafin sani. Sai an nemo inda aka buga. Wannan nauyi ne a kan masu ilminmu mata su yi ta rubuta littattafai da maƙaloli, don 'yan baya su sami madogara.

SHAWARA GA MAI SON FARAWA

Ki yi rajista da laƙabi, ba lalle sai da sunanki na yanka ba, kada kuma ki sa lambar waya ko sunan unguwarku. Ki fara da ƙaramin abu, gyaran harafi mai ƙugiya ko jimlar da ba ta zauna ba. In za ki ƙara magana, littafinki na kusa da ke, ki rubuta sunansa da shafi. Kada ki kwafe rubutun wani, ki faɗa da kalmominki. Kada ki rubuta labarin kanki ko na mai gidanki. In aka cire abin da kika sa, kada ki yi fushi ki mayar da ƙarfi. Shiga zauren tattaunawa, ki yi sallama, ki kawo hujjarki cikin ladabi. In an ci mutuncinki, ki kai ƙara ga masu gudanarwa. In kuma ana shawara ko zaɓe, ki tsaya ki sa baki, don a nan a ke yanke abin da zai zauna.

Ke 'yar makaranta, ki gama aikin gida tukuna. Ke uwargida, rabin awa bayan an kwashe tuwo ya isa a gyara shafi guda. Ku ja 'yan'uwa biyu ko uku ku riƙa duba wa juna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.